Gimba Mai Kafso da Binciken Mansura

Duk wanda ya zauna a Fegge ta Anacha cikin shekarun nan ya san Gimba mai kafso. In bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Gajere ne kakkaura, tsakiyar kansa ta yi sanƙo daidai inda gammo ke zama. Da hantsi ya yi zai ɗora tirensa a ka, fakitin magani bisa fakiti an ɗaɗɗaure da roba har sun tasa kamar hasumiya, ya bi lungu-lungu har ya ɓulla kasuwar Ose Okwodu. Yana tafe yana surutu da harshe uku. Ya kira ciwon baya da ciwon gaɓoɓi da Hausa, ya gai da mata masu busasshen kifi da Ibo, ya tsokani 'yan okada masu babur da Turancin buroka, su rama, a yi dariya, ya wuce.

Ɗan ƙasar Haɗeja ne, daga wani ƙauye da fadama ta zagaye. A can yaro ba ya sanin ranar da ya koyi iyo, don a ruwa yake tashi. Kuma kusan kowane ɗa namiji sai ya yi fitsarin jini, wanda ake kira tsargiya, har manya kan ce ai alamar girma ce, da kanta take wucewa. Ta Gimba ma ta zo ta yi kamar ta wuce, ya manta da ita. Yana da shekara goma sha takwas ya hau saman buhunan albasa a wata babbar mota, ya kwana biyu a hanya, ya sauka Anacha bai san kowa ba. Mai albasar, Alhaji Yahya, wanda iyayensa suka zo daga Kano tun yana goye, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai kuma wa ya aiko ka?"

Gimba ya ce, "Yunwa ce, Alhaji."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna masa bayan rumfa ya ce nan ne makwancinsa.

Shekara tara ya yi yana dako, har ƙugunsa ya fara ƙara in ya sunkuya. Alhaji ne ya ce ya sauke buhu ya ɗauki abin da bai kai shi nauyi ba, ya haɗa shi da wani mai kemis, ya saya masa tire. Alhaji ne kuma ya zama masa uba ranar da ya auri Rabi, wadda ke dama kunun gyaɗa a bakin masallacin unguwa.

Gimba bai yi boko ba, da kala yake gane magani. Fari mai tsaga a tsakiya na ciwon kai, ruwan ƙasa na ƙarin jini. Amma a duk kayan tiren nan babu wanda ya yarda da shi kamar kafso ja-da-yalo, irin magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ce wa antibayotik. Ciwon ciki, ƙurji, tari, gyambo, amsarsa ɗaya ce: "Afa biyu ka kora da ruwa." Kuma tsakani da Allah yake faɗa, don shi ma su yake afawa.

Saboda haka ranar da Alhaji ya ja shi bayan rumfa, ya rage murya ya ce ya kwana biyu yana ganin jini a fitsarinsa, Gimba ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Haba Alhaji, wannan ai abin yara ne." Ya ɓallo kafso ya miƙa masa. Jinin ya ɗauke, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Wata biyar suna wannan rufa-rufa su biyu, sai da Mansura ta zo hutu.

Mansura ita ce 'yar Alhaji ta uku, haifaffiyar Fegge, in tana Ibo a waya sai ka rantse sunanta Ngozi. Ta karanta ilmin haɗa magunguna, kuma a lokacin tana digiri na biyu a wata jami'a a Inugu. Ta ga mahaifinta ya zube, ta tsare shi da tambaya har ya faɗa. Washegari ta sa shi a mota sai asibiti. Aka yi hoto, aka zura 'yar kyamara aka leƙa, aka ce ciwon daji ne a mafitsara. Allah ya sa bai riga ya yi jijiya ba. Likitoci suka kankare ƙarin, suka ce zai riƙa dawowa ana zuba masa magani a mafitsarar ana kuma dubawa.

Sati biyu Gimba bai ɗauki tire ba, bai kuma taka gidan Alhaji ba. Sai da Rabi ta ce masa, "Malam, kunya ba ta duba marar lafiya. Tashi ka je."

Ya same shi a tsakar gida bisa kujerar roba, an jingina masa matashi. Ya durƙusa, suka gaisa: ya jiki, ya ƙarfin jiki, ya iyali, ya kasuwa. Sannan Gimba ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ni na cuce ka."

Alhaji ya ce, "Ni na ɓoye, kai kuwa abin da ka sani ka ba ni. Tashi ka zauna, na ɗauka ka koma Haɗeja ne."

Mansura ta kawo ruwa ta gaishe shi. Alhaji kuwa, da yake ba ya gajiya da zancen 'yarsa, ya ce, "Ka san aikin da 'yar nan taka ke yi a Inugu? Faɗa masa, Mansura."

Ta ce, "Kawu, bincike muke yi. Muna gwada wasu magungunan antibayotik a kan ƙwayoyin ciwon dajin mafitsara, mu ga ko za su kashe su. Tun kafin Baba ya kwanta muka fara."

Gimba ya ajiye kofin. "Antibayotik? Irin kafso?"

"Danginsu ne."

"Suna kashewa?"

"A ɗakin gwaji dai mun ga alama, amma…"

Gimba bai ji amman ba. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa. Yadda ya yi sallama ma bai sani ba. Ya iso gida ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya ce wa Rabi ta fito da tire ta goge masa shi tas.

Washegari kasuwar Ose ta ji murya. Ya tsaya a tsakiyar layin 'yan albasa ya ɗaga hannu biyu. "Jama'a! Shekara goma sha shida ina ɗauke da maganin ciwon daji a kaina ban sani ba! 'Yar Alhaji ce ta gano, a jami'a!" Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Ibo, ya ƙara da buroka don kada a bar kowa a baya. 'Yan dako suka ajiye baro suka zagaye shi. Kafin azahar labari ya tsallaka layin tattasai ya kai bakin kogi. Kafin la'asar wata mata Ibo ta zo ƙofar gidan Alhaji tana tambayar Mansura kafso nawa za ta ba mijinta.

Mansura tana sallamar matar sai ga Gimba da leda cike da ja-da-yalo, ya kawo wa Alhaji gudummawa. Ta dubi ledar, ta dubi fuskarsa tana ƙyalli don murna. Sai ta fasa faɗan da ta shirya. Ta karɓi ledar ta riƙe a bayanta ta ce, "Kawu, Baba ba zai sha wannan ba. Kai kuma gobe da sassafe ka sa wankakkun kaya, za ka raka ni Inugu."

A mota bai yi shiru ba tun daga tasha. Ya tambaye ta ko gwamna ya sani, ko za a sa ta a talabijin, ko Turawa ba za su sace abin ba. Ita dai sai ta ce, "Bari mu je ka gani da idonka."

Ɗakin gwajin yana hawa na biyu, sanyi kamar cikin firji. Aka ba shi farar riga da ta sauko masa har ƙwauri, aka sa masa safar hannu, aka ce kada ya taɓa komai. Ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai sallah. Mansura ta buɗe wani akwati mai ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai, ta ɗauko 'yan farantai biyu masu murfi, kowanne da ɗan ruwa jaja-jaja a ciki.

Ta ce, "Ga ciwon dajin nan, Kawu. A faranti muke kiwonsa, muna ba shi abinci."

Gimba ya ja da baya. "Kuna ba shi abinci? La'ilaha illallahu!"

Ta ɗora faranti na farko a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, ta nuna masa inda zai sa ido. Da farko duhu ya gani, sai haske, sai ga su. Sun cika fili maƙil, sun manne da juna, babu masaka tsinke, kamar albasar da aka baje a ƙasa ranar da motoci uku suka sauke a tare. Ta canza faranti ta ce, "Wannan kuma kwana uku ke nan da muka ɗiga masa maganin." Ya sake leƙawa. Fili ya yi wayam. 'Yan kaɗan da suka rage sun ƙanƙance, sun dunƙule, suna yawo a saman ruwa.

"Allahu akbar!" Gimba ya ƙwala, har wata ɗaliba a can gefe ta saki alƙalaminta. "Sun mutu! Mansura, sun mutu! Wallahi na gani!" Ya leƙa na farko, ya leƙa na biyu, ya ce a sake mayar masa da na farko. Sau huɗu ana canza masa, hawaye na gangaro masa, ga safar hannu ta hana shi sharewa.

Mansura ta bari sai da ya natsu, sannan ta jawo masa kujera. Ta ce, "Kawu, ranar da na fara gani ni ma tsalle na yi. Amma saurara. A faranti, ko gishiri na zuba da yawa sai sun mutu. Mutum kuwa ba faranti ba ne, yana da hanta, yana da ƙoda. Abin da ba mu sani ba shi ne wane magani ne a cikinsu, nawa za a ba da, ta wace hanya, da zai kashe dajin ya bar mai shi da rai. Ba kowane antibayotik ba ne, kuma ba na tirenka ba ne. Wanda ya afa kafso ya zauna a gida, dajin ci zai yi ta yi, kamar yadda ya yi wa Baba wata biyar."

Gimba ya sake duban farantan. Can ya ce, "To yaushe za a sani?"

"Shekara biyar, ko goma. Yana yiwuwa ma a ƙarshe a ce bai yi ba."

Ta zaci jikinsa zai yi sanyi. Sai ta ga ya gyara zama, idonsa na walƙiya. Ya ce, "Goma? Ai ina nan da raina in Allah ya so. Mangwaron da na dasa a bayan ɗakinmu ma sai da ya shekara shida. Me zan yi a cikin aikin nan? Ko shara ce ku ba ni."

Malamar Mansura, wata farfesa mai furfura da ake kira Madam Uchenna, tana tsaye a bakin ƙofa tana jin su. Gimba ya gaishe ta da Ibo mai kyau har ta tafa hannu. Da Mansura ta fassara mata abin da ya ce, sai farfesar ta ce lallai akwai aikin da ya gagare su. Tsohuwar tsargiya da ba a yi maganinta ba tana iya jawo ciwon dajin mafitsara bayan shekaru, su kuma suna so su auna fitsarin 'yan arewa masu aikin ƙarfi da suka tashi a bakin ruwa, a yi wa mai tsargiya magani, a kama mai ƙari tun yana ƙarami. Sau biyu suna aika ma'aikata kasuwa da kwalabe, ko mutum ɗaya bai ba da ba.

Gimba ya yi dariya. "Wa zai ba baƙo fitsarinsa? Cewa za su yi asiri za a yi musu. Ku bar ni da su."

Aiki na farko da ya yi da ya dawo Anacha shi ne warware abin da ya ƙulla. Ya tsaya a daidai inda ya tsaya shekaranjiya, ya ce, "Jama'a, na yi azarɓaɓi. Maganin yana hanya, bai iso ba, kuma ba wannan ba ne." Ya zare duk kafson da ke tirensa ya mayar wa mai kemis. Aka yi masa tsiya son rai, ya shanye. Amma labarin farantai biyun nan kuwa, babu wanda ya tsira daga jinsa. Mai shayi ya ji, liman ya ji, Rabi ta ji har ta haddace tana ƙarasa masa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da izinin liman da na shugaban 'yan albasa, Mansura da ma'aikata biyu suka kafa tebur a ƙarƙashin wata rumfa, ga kwalabe an jera. Mutane suka tsaya nesa suna kallo. Maikuɗi, wani dogon mai baro ɗan Gashuwa da ba a kayar da shi a gardama, ya ce da ƙarfi, "Gimba, jiya ka ce kafso, yau ka ce kwalba. In suka tafi da fitsarinmu aka ɗaure mu da asiri fa, mu da muke da iyali a gida?"

Gimba ya ce, "Kana da gaskiya. To ga nawa, in za a ɗaure a fara da ni."

Ya ɗauki kwalba ya zagaya, ya dawo yana ɗaga ta sama kamar wanda ya ciwo kofin ƙwallo. Wuri ya kaure da dariya. Sai ga Alhaji Yahya ya taso da sandarsa, ya tsaya a gaban tebur, ya faɗi da bakinsa abin da ya same shi da yadda ya ɓoye, bai rage komai ba. Dariya ta ɗauke. Dattijo irin Alhaji ya yi wannan magana a bainar jama'a, ai sai jiki ya mutu. Maikuɗi ya sosa ƙeya, ya ce a ba shi kwalbar amma shi ba don Gimba zai yi ba. A ranar mutum hamsin da ɗaya suka bayar, har kwalabe suka ƙare.

Da sakamako ya fito, sunan Gimba na cikin masu tsargiya. Mansura ta nuna masa hoton ƙwan tsutsar da ke jawo ta a wayarta, dogo mai ɗan tsini a gindi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Kai! Tun daga Haɗeja kake biye da ni, ko kuɗin mota ba ka biya ba?" Aka auna nauyinsa aka ba shi ƙwayoyin maganinta, ya sha a gaban kowa. Mutum uku aka ce su je asibiti a leƙa mafitsararsu. Biyu ba a ga komai ba. Na ukun Maikuɗi ne, aka sami ɗan ƙari bai kai ƙwayar gyaɗa ba, aka cire. Ranar da aka sallamo shi, a cikin baronsa ya ɗauki Gimba ya zagaya layin albasa da shi, 'yan dako na bin su da ihu.

Daga nan abin ya fi ƙarfin Ose. Hausawan unguwar Mile 2 Diobu a Fatakwal suka aiko a turo musu mutumin nan mai kwalba. Ya je ya kwana uku, ya yi gardama da masu gyaran takalma da masu tura ruwa har muryarsa ta dushe. Na Inugu ma suka kira shi. Tirensa yana nan, sai dai yanzu man zafi ne a kai, da filasta, da maganin ciwon kai. Wanda ya ce a ba shi ja-da-yalo sai ya ce, "Je ka likita ya rubuta maka." Wanda kuwa ya rage murya ya ce yana ganin jini, Gimba ba ya barinsa sai ya ga shigarsa mota. Alhaji ya koma rumfarsa, yana zuwa dubawa duk bayan 'yan watanni, ya mayar da jikinsa har ya fi da.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, wata Talata da hantsi, Gimba yana tsakiyar kasuwa wayarsa ta yi ƙara. Mansura ce.

"Kawu! An amince!"

Ya sauke tire a kan buhun wani bai ko nemi izini ba. "An samu maganin?"

"A'a, Kawu, da saura. Amma an duba aikinmu an ce ya yi kyau. Mun bar faranti, an ba mu izini mu gwada a jikin ɓeraye!"

Gimba ya ɗaga wayar sama ya zuba da gudu cikin layi, rigarsa na tashi. "Jama'a, albishirinku! An kai kan ɓeraye! An kai kan ɓeraye!"

Aka fito daga rumfuna ana tambayar wane ɓeraye. Da ya yi bayani yana haki, shugaban 'yan albasa ya ce, "In dai ɓeraye ake nema, a zo sitona, ina da waɗanda suka kai kyanwa." Mai tattasai ya ce nasa sun fi ƙiba. Wata mai busasshen kifi ta ce da buroka ita kyauta za ta bayar, har da kuɗin okada. Maikuɗi ya ce a ba shi zuwa la'asar, zai cika buhu.

Gimba ya mayar da wayar kunne. "Mansura, kina ji? Nawa kuke so? Mutane sun tashi tsaye."

Dariya ta hana ta magana. Da ƙyar ta ce, "Kawu, don Allah ka hana su. Farare ne na musamman, a ɗaki mai sanyi ake kiwonsu, ba su taɓa shiga kwata ba."

Ya juyo ya dubi jama'a, ya gyara murya. "To ku saurara. An gode, amma ɓerayenku ba su yi boko ba."

Sai da ya kai bakin titi, wajen neman motar da zai je ya yi wa farfesa barka, sannan ya tuna ya baro tirensa a kan buhun mutane.